Matuƙin Jirgin Da Na Samo Sunansa A Nima

Bayan sallar isha'i na isa Nima, da jaka ɗaya a kafaɗa da sunan wani dattijo da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya rubuta mini a bayan rasit. Mai tasi ya sauke ni a bakin babban titi, ya ce daga nan sai ƙafa. Ban gama gyara tsayuwa ba wani yaro mai sayar da ruwan leda ya dube ni ya ce, "Baba, wa kake nema?" Da Hausa ya tambaye ni, a tsakiyar Akara, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Na faɗi sunan dattijon, na ce tela ne. Yaron ya bar wa abokinsa tirensa, ya karɓi jakata, muka kutsa lungu. Lungu ne da mutum biyu ba sa jerawa, ga kwata a tsakiya, ga rufin kwano na wannan gida ya kusa taɓa na wancan, kowace kwana da ɗan masallacinta da fitilarsa. Muna cikin tafiya wani ƙaton jirgi ya wuce ta samanmu, ya yi ƙasa ƙasa zai sauka. Ni kaɗai na ɗaga kai.

Alhaji, dattijon da na zo wurinsa, ya haura shekara tamanin, amma har yanzu shi ke zura zare a allurar kekensa. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da aka ajiye mini ruwa da tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo a wajenmu, na kuma yi nisa da ci.

"Ɗana, fatauci ko ziyara?"

"Baba, mutum nake nema. Bature ne, matuƙin jirgin yaƙi, ya mutu tun 1940."

"Yaƙin Hitila ke nan. Sunansa fa?"

"Sunan na zo nema, Baba."

Ya ɗan yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To ka zo inda ya dace. Mu a zongo neman mutum aikinmu ne. Ci tuwonka."

Abin da ya taso ni daga Kano layi biyu ne da na ci karo da su a wani littafin tarihin sojan saman Ingila, ina cikin bin diddigin filin jirginmu. Da yawanmu mun ji cewa jirgin sama ya fara sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku daga Masar ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Abin da ba a cika ba mu labarinsa ba shi ne shekarun da Kano ta yi tana zangon jiragen yaƙi. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ta zame wa Ingila hanyar mutuwa. Sojojinta da ke Masar na bukatar jirage, jirgin ruwa kuwa in zai zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu sai ya share makonni. Sai aka yi dabara: a kwance jiragen a zuba a manyan akwatunan katako, a kawo su tashar Takoradi wadda aka buɗe a 1928 a Gold Coast, wato Gana ta yau, a ɗaura su a can, a tuƙa su a ratsa Afirka ta sama. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, sai Janaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid da Hartum, sannan a bi Kogin Nilu har Masar. Sama da mil 3,600 ne, tafiyar wajen kwana shida. Ba don gwamnan Cadi na lokacin, Félix Éboué, baƙar fata, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agustan 1940 ba, da hanyar ta yanke a tsakiya. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na wannan shekara, kafin 1943 ta ƙare kuwa jirage sama da 5,000 sun bi ta saman gonakin kakanninmu.

Na ce ayari, don tafiyar tasu ba ta da bambanci da ta fataken Gwanja. A gaba akwai jagaba, jirgi mai inji biyu da ake kira Blenheim, shi ke ɗauke da mai duba taswira da mai wayar iska. A bayansa ƙananan jiragen faɗa ne, Hurricane, wajen guda shida, kowanne da mutum ɗaya tak a ciki, idonsa a kan jagaba. In jagaba ya ɓata, kowa ya ɓata. Haka kuwa aka yi ranar 1 ga Disamba 1940 tsakanin Janaina da Fashir: wayar iskar jagaba ta mutu, duhu ya shigo, hanya ta rikice, duk jirage bakwai suka sauka dole a daji. Biyu daga cikin ƙananan suka ragargaje ba gyara, matuƙi ɗaya ya mutu. Iya abin da littafin ya ce ke nan, ya wuce zuwa wata maganar. Ni kuwa na kasa wucewa. Mutumin da ya sauka a garinmu, aka zuba wa jirginsa mai, ya sha ruwanmu kwanaki kaɗan kafin ajalinsa, a ce ko suna ba shi da shi?

Kiran assalatu ne ya tashe ni, daga masallatai da yawa lokaci guda, wani na ƙarewa wani na farawa. Bayan salla jikan Alhaji, ɗalibi a jami'ar Legon, ya kai ni wajen mai koko. Layin da na tarar ya ba ni mamaki: ma'aikata da lakataye, 'yan makaranta, direbobi, Musulmi da Kirista, kowa da ledarsa yana jiran koko da ƙosai. Duk faɗin Akara da sunan Hausa ake sayar da wannan koko. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, wadda Gana duka ke alfahari da ita, daga kalmarmu ta wake ta samo suna. Ka zauna minti goma a bencin mai koko za ka ji Badagombe da Bazabarme da Bakotokole da Bamoshe da Bafulatani suna ciniki da Hausa, kuma da yawansu ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsu ba ruwanta da "ya" da "ta", mace ma "ya zo" ake ce mata, kuma ƙ da k duk ɗaya ne a bakinsu. Na san akwai masu jin haka su yi murmushi. Ni girma abin ya yi mini. Harshen da ya bar gida a bakin fataken goro da almajirai da sojoji, ya zauna shekara fiye da ɗari a bakin teku tsakanin Ga da Tuwi da Turanci, ya zama shi ke haɗa ƙabilu ashirin a lungu ɗaya, ai ya yi aikin da ba kowane harshe ke yi ba.

Daga nan muka hau motar haya da suke kira torotoro zuwa shataletalen Nkrumah, muka taka zuwa Adabraka, inda gidan adana takardun tarihi na ƙasa yake a kan titin Castle. Tun 1946 aka kafa shi, a 1997 aka sake masa tsari da sunan PRAAD. Na cike takarda, aka karɓi jakata, aka bar ni da fensir da littafin rubutu. Ɗakin karatun shiru, sai ƙarar fanka da ta shafin takarda. Wata ma'aikaciya da ta manyanta ta zauna ta saurari labarina tun daga farko har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta yi mini bayanin da ya rage mini wahalar wata guda. Ta ce sojan saman Ingila ba su bar littattafansu a nan ba. Kowace runduna tana da littafin da ake rubuta abin da ta yi kullum, wane ya tashi, a wane jirgi, ƙarfe nawa, ya dawo ko bai dawo ba, waɗannan suna Kew a Landan ƙarƙashin lambar AIR 27. Katunan haɗarin jirage suna gidan tarihin sojan sama a Hendon. Kaburbura kuwa suna hannun hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, rajistarta kuma tana intanet. "Abin da ke wajenmu," in ji ta, "shi ne abin da yaƙin ya yi wa ƙasar nan."

Kwana uku na yi ina karanta abin da yaƙin ya yi wa ƙasar. Ana kawo fayilolin ofishin Sakataren Mulki ɗaure da zare, takardun sun yi ruwan ƙasa, gefensu na marmashewa, sai ka buɗe su a hankali kamar mai juya waina. Maganar filaye, maganar lebura da ladansu, maganar kuɗin taimakon yaƙi da aka tara daga sarakuna da manoman koko da ma'aikata. Saboda irin wannan kuɗin ne aka liƙa wa wasu rundunonin sojan saman Ingila sunayen ƙasashenmu, ta 218 aka ce mata ta Gold Coast, ta 91 aka ce mata ta Nijeriya. Na yaba wa mutanen Gana a kan wannan gida. Ba kayan zamani ne suka burge ni ba, ma'aikatan ne. Na ga wani saurayi ya dawo da fayil ya tsaya yana miƙar da kusurwar wata takarda da ta naɗe, da yatsa ɗaya, kafin ya ɗaure. Babu mai kallonsa.

Sai dai akwai abin da ya riƙa sosa mini rai a cikin takardun. Duk ƙaramin jami'in Bature da sunansa da muƙaminsa da sa hannunsa. Waɗanda suka sare daji, suka fasa dutse, suka mirgina gangunan mai, su adadi ne kawai a gefen shafi.

A daren na uku jikan Alhaji ya ja ni majalisarsu, abin da samarin Nima ke kira bes. Benci biyu ne a gindin wani bango, da kurfoti da butar shayi, ana ta musun ƙwallo, sunan Mohammed Kudus na ta fitowa, don ɗan unguwar ne. Da aka gabatar da ni aka faɗi abin da nake nema, sai musun ya tsaya cak. Wani mai gyaran waya ya ce in ba shi ranar. Ya buɗe rajistar kaburburan a wayarsa, ya sa 1 ga Disamba 1940, ya zaɓi sojan sama. Sunaye suka jero. Wani ya ce a duba na Sudan kawai. Wani ya ce a duba lambar runduna. Kawuna shida a kan waya ɗaya da gilashinta ya tsage, mai shayi ya manta da butarsa har ta yi ambaliya.

"Kawu, ga shi nan," in ji mai gyaran wayar. "Saje George William Brimble, runduna ta 73. Makabartar yaƙi ta Hartum."

Na karɓi wayar hannuna na rawa. Da suna ya samu, sauran ya zo da sauƙi, samarin nan ba su bar ni na tashi ba sai da muka bi shi ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗayan dare. A bazarar wannan shekara Brimble yana runduna ta 242, ƙarƙashin Douglas Bader, matuƙin nan da ya yi yaƙi da ƙafafun roba biyu. Yana cikin matuƙa kusan 3,000 da suka kare samaniyar Ingila daga jiragen Jamus, waɗanda aka zana sunayensu a wani dutsen tunawa a bakin Kogin Thames. A watan Nuwamba aka ɗora matuƙan runduna ta 73 da jiragensu a wani jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, Furious, aka kawo su gaɓar Takoradi a ƙarshen watan. Sauri ake yi, don Ingila na shirin afka wa sojan Italiya a hamadar Masar, harin da aka fara ranar 9 ga Disamba. Shi bai kai ba. Wanda ya tsira daga harsashin Jamus a saman Landan, ajalinsa yana Darfur.

Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Allah sarki. Uwarsa ta san inda yake kuwa?" Babu wanda ya sake ɗauko maganar ƙwallo a wannan daren.

Da safe na kai wa Alhaji labari. Na jero masa garuruwan hanyar, yana gyaɗa kai, ina kaiwa Janaina da Fashir ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ai wannan hanyar Makka ce." Gaskiyarsa. Ita ce hanyar da alhazanmu na ƙasa suka bi shekara da shekaru, da jaki da ƙafa, suna yada zango suna noma suna ci gaba, wasu su shekara bakwai kafin su ga Ka'aba, wasu su zauna a Sudan har abada kamar mutanen Mai Wurno. Abin da Bature ya ratsa a yini guda a sama, kakanninmu sun auna shi da tafin ƙafa. Ya ce ƙanin kakansa ma ta nan ya bi, bai dawo ba. Yau kuma Janaina da Fashir a labaran yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 muke jin sunansu. Muka yi wa mutanen can addu'a.

Sannan ya kira jikansa ya ce a jawo masa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ya buɗe da ɗan makullin da ke ɗaure a carbinsa. Ƙamshin kafur ya tashi. A ciki akwai wani ƙunshi a tsohon rawani, ya warware shi a kan cinyarsa. Takarda ta farko an buga ta da tafireta, ta tsage a wajen naɗi an liƙe da salatif: shaidar aiki ce da wani hafsan Amurka ya ba mahaifinsa, wanda ya yi musu kuku a barikinsu na filin jirgi. Daga ƙasar Katsina uban ya taso yana saurayi, ya biyo fatake har Kumasi, daga can ya gangaro teku. Sai wani ɗan littafi mai bangon kwali, littafin sallamar ƙanin uban daga soja, da dangwalen babban yatsa a maimakon sa hannu, a gurbin sunan mahaifi kuma an rubuta sunan garinsu. A ƙasan duka akwai lamba ta tagulla mai tsini shida, da ƙyallenta ja da shuɗi da ruwan lemo da ya koɗe: tauraron Boma. Alhaji ya goge ta da gefen rigarsa kafin ya miƙo mini, da hannu biyu.

Daga bakinsa na ji yadda yaƙin ya gina Nima. A farkon shekarun 1930 wurin makiyaya ne, Malam Futa, wani Bafulatani mai harkar shanu, ya nemi filin daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga. Musulmi na cewa daga ni'ima sunan ya fito, mutanen Ga kuma suna da tasu fassarar a harshensu. Tsofaffin zangunan suna can cikin gari, irin su Tudu da Sabon Zongon da Malam Baƙo ya kafa. Da yaƙi ya zo, Amurkawa suka mai da filin jirgin Akara babbar mahaɗarsu, jirage na tsallako teku daga Barazil su sauka nan, su wuce Kano da Hartum har Indiya. Barikin na bukatar kuku da boyi da mai wanki da maigadi da lebura, ga kuma asibitin soja da aka buɗe a 1941, wanda har gobe ake kira Talatin da Bakwai. Nima ce wuri mafi kusa da talaka zai kafa ɗaki ya taka zuwa aiki. Da aka gama yaƙi, sojan da suka dawo daga Boma, na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu da Hausa aka yi musu fareti, wasunsu suka sauke kaya a nan, unguwa ta cika ta tsallaka kwata zuwa Maamobi.

"Sun dawo ba aiki, ba abin da aka yi musu alkawari," in ji Alhaji. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa gwamna kukansu a fadarsa ta Christiansborg. A mararrabar hanya wani Baturen ɗan sanda, Colin Imray, ya buɗe wuta, ya kashe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta, aka kama Kwame Nkrumah da abokansa biyar, shekara tara bayan haka Gana ta karɓi mulkin kanta. Duk yaron makaranta da na tambaya a Nima ya kawo mini sunayen ukun nan ba gargada. A wajenmu yara nawa ne za su iya kawo sunan soja ɗaya da ya je Boma?

Na je makabartar yaƙi ta Christiansborg a Osu ranar Alhamis. Kaburbura sama da 400 ne, a jere, duwatsun duk tsayinsu ɗaya, ciyawa a gyare. Ga na matuƙa da ma'aikatan jirgi 'yan shekara ashirin da 'yan kai, ga na sojan Afirka ta Yamma. A nan na ga irin abin da na gani a littafin sallamar nan, sunan ƙabila ko na gari a gurbin sunan uba: Moshi, Dagarti, Frafra, Grunshi. Haka akawun soja ya saba rubuta ɗan arewa tun zamanin Alhaji Grunshi, sojan Gold Coast da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, a watan Agustan 1914. Da irin wannan suna da wuya jika ya gane kakansa. Duk da haka na ji daɗin ganin an zana su a dutse, an kuma biya mutum yana share musu ganye.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, 'yar tafiya kaɗan daga Nima. Kyakkyawan gini ne, amma abin da ya fi zama mini a rai washegari na gan shi, a wani ɗan masallacin lungu a Maamobi. Wani ɗan ci-rani mai tallan albasa ya rasu a asibiti da daddare, ba shi da kowa a garin, abokan kwanansa laƙabinsa kawai suka sani da cewa daga wajen Maraɗi yake. Kafin hantsi an sanar da sarkin mutanensu, don a zongo kowace ƙabila da nata sarkin. Aka ɗauki hoton katinsa aka watsa a WhatsApp, daga wannan rukuni zuwa wancan. Wani tsoho ya zagaya da hula, mai sidi biyar, mai sidi ashirin, aka haɗa kuɗin likkafani da na mota. Kafin azahar an samo wansa a Kumasi, an kira ƙauyensu, an sa uwar a waya ta ji da kunnenta cewa an yi wa ɗanta wanka da sutura, sahu ya cika har waje. Bayan an dawo daga makabarta na ga na'ibin liman ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango daga saman taga, ya buɗe, ya tambayi wan mamacin a waya, ya rubuta suna da sunan uba da gari da rana. Na leƙa. Shafukan baya cike suke da irin wannan, wasu da boko wasu da ajami, hannun mutane daban daban.

Na tambaye shi wa ya sa su. Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba. "Malam, wata rana wani zai zo nema."

Nima ba ta rasa matsala ba. Cunkoso ya yi yawa, babbar kwatar da ta raba ta da Maamobi tana ambaliya da damina, samari da yawa ba aiki, tsofaffi kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi wa'adin barin ƙasa, gidaje da yawa suka watse. Amma a kwana taran da na yi ban ga baƙon da aka bari ya kwana da yunwa ba, ban kuma ga mutanen da suka fi su riƙe sunan mutum ba. Turawa sun riƙe Brimble da takarda da dutse, shi ya sa bayan shekara tamanin da ɗoriya aka same shi a waya cikin minti goma, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Coningham ɗin nan da ya fara sauka Kano, wanda daga baya ya shugabanci sojan saman hamada da ake kai wa jiragen Takoradi, shi ma jirgin fasinja ya ɓace da shi a teku a watan Janairun 1948, amma tarihinsa na nan shafi shafi. Mutanen zongo kuwa ba gwamnati a bayansu, ba kasafi, da akwatin ƙarfe da littafin saman taga da ƙwaƙwalwar tsofaffi suke nasu aikin.

Ranar da zan taho na ɗauki hoton takardun Alhaji ɗaya bayan ɗaya, na bar wa jikansa kwafi, na kuma naɗi muryarsa ta awa biyu da rabi. Ya rako ni har bakin titi yana dogara sanda, ya sa aka ƙunsa mini yaji da goro, ya ce in na je Katsina in gaishe masa da garin ubansa, wanda shi bai taɓa gani ba.

Abin da ya faru a Akara ya faru a Kano da Maiduguri. Wasu ne suka share filin, wasu suka yi gadin jiragen da dare, wasu suka dafa wa matuƙan abinci, kuma jikokinsu suna nan a Fagge da Birget da Kurna da ƙauyukan da ke kewaye da filin jirgi. Takardun mulkin lokacin suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, amma sunayen waɗannan mutane a gidajenmu suke. Mai karatu, in akwai irin wannan akwatin a ƙarƙashin gadon tsohon gidanku, ka roƙe shi ya buɗe maka tun yana iya bayani. Ka ɗauki hoton takardun, ka naɗi muryarsa, ka rubuta sunan mai su da na ubansa da garinsu da aikin da ya yi.